Bututun Sanyaya Ruwan Tsiro

Masu dafa giya a gida a Amurka da Ingila kan hanzarta sanyaya ruwan tsiron sha'ir da zarar ya gama tafasa, domin yis ba ya jure zafi. Da yawansu da kansu suke haɗa abin sanyayawar. Bututun jan ƙarfe mai laushi ake samu, mita 8 zuwa 15, a naɗe shi a jikin bokiti sannu a hankali, don in ya karye a gwiwa ruwa ba zai wuce ba. Bakunansa biyu su leƙo sama, a ɗaura musu tiyo, ɗaya daga famfo, ɗaya na zubarwa.

Ana tsoma shi cikin tukunyar minti 15 kafin saukewa, tafasar ta kashe ƙwayoyin cutar jikinsa. Bayan an sauke, sai a buɗe famfo har zafin ruwan tsiron ya sauko kusan digiri 20. Ruwan da ke fara fitowa yakan ƙona hannu.