Za Ki Ribah Ke Kaɗai: Sai Kin Kama Wurin Cin Abinci Tun Daga Gida?

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari suka saurara ba.

Tambayar yau wata 'yar uwa ce ta turo daga Kaduna. Aiki zai kai ta Ribah na kwana uku, ita kaɗai, kuma tana so ta tsaya Zuru ta ga gari. Ta ce ta karanta cewa a ƙananan garuruwan yawon buɗe ido na Turai, in ba ka kama teburi da wuri ba kana iya kwana da yunwa. To ita ma sai ta yi "bukin" ɗin gidan abinci kafin ta taso?

Wallahi sai da na yi dariya, don in kika ce wa mai tuwo a Ribah kin zo maganar bukin, tambayarki za ta yi: na aure ko na suna? Amma da na nutsu, sai na ga tambayar ba ta wasa ba ce.

A ƙaramin gari na Italiya, misali, gidan abinci teburansa ƙidayayyu ne, kuma da yawa suna rufewa bayan abincin rana, sai dare su sake buɗewa. In baƙi suka cika gari, kujera ce ke ƙarewa. Shi ya sa suke buga waya ko su shiga manhaja su kama wuri.

Mu a nan benci ba ya ƙarewa, ko ya cika za a matsa miki. Tukunya ce ke ƙarewa. Ribah ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Danko/Wasagu, kuma mai abinci a gari irin wannan ta san masu sayenta: ma'aikatan sakatariya, malaman makaranta, direbobi, 'yan kabu-kabu. Daidai bakinsu take auna shinkafa, don duk abin da ya kwana asararta ce, ga wuta ba kullum ba balle a dogara da firji. In an kwashe, shi ke nan, ba ta ɗora wata saboda baƙuwa ɗaya da ba ta san da zuwanta ba.

Ni kaina ya taɓa cin ni. Na tafi wani taron matasa, mota ta ƙi cika a tasha, ban iso ba sai bayan magariba. Duk rumfar da na leƙa wanke-wanke ake yi. Ƙarshenta teburin mai shayi na sauka, biredi da ƙwai. Da na ba abokina labari da safe, cewa ya yi, "Kai ma dai! Da ka kira ai da an zuba maka a kula." To kin ji bukin ɗinmu: kula da lambar wayar mutum ɗaya.

Kuma ni namiji ne, zama wurin mai shayi da dare bai dame ni ba. Ke fa? Baƙuwa, ke kaɗai, a bencin da duk maza ne. Ba wanda zai kore ki, amma ba za ki sake ba, kuma ba a so dare ya yi miki kina tambayar hanya.

A nan ne maganar ta wuce ciki. Kowa ya san halin da masarautar Zuru ta shiga na 'yan bindiga a shekarun nan, musamman Danko/Wasagu mai iyaka da Zamfara. A watan Nuwamban 2025 aka sace ɗalibai mata a makarantar sakandare ta Maga, cikin wannan ƙaramar hukuma. Ba ina tsorata ki ba ne, mutane na nan suna noma suna kasuwanci. Amma wanda kika kira ya ajiye miki abinci shi ne zai ce miki, "Kada ki taso daga Zuru bayan la'asar, ki kwana ki kamo hanya da safe." Shi ne kuma zai fara neman ki in lokaci ya wuce bai gan ki ba. Ba manhajar da za ta yi miki wannan.

In ranar aiki ce kuma da rana tsaka kika iso, ba ki bukatar kama komai. Ki shiga, ki yi sallama, ki ci. Mutum ɗaya ba ya rasa kwano ɗaya. Masu tafiya mota guda su ke wahala. In azumi ake yi, ki sa a ranki rumfuna da yawa ba za su dafa na rana ba, ko da yake Zuru gari ne na Musulmi da Kirista, ba a rasa wuri in an tambaya.

Lokacin buki kuwa lissafi ya canza. In zuwanki ya zo daidai da Uhola, bukin da Lelna, wato Dakarkari, ke yi bayan an kawar da amfanin gona, 'yan gari na nesa duk sun dawo gida. Abinci ya yi yawa, amma a cikin gidaje yake, wasu masu sayarwar ma suna can suna hidimar nasu baƙin. Mai mai masauki sai ya ture, marar shi ya yi ta zagaye. Haka Argungu, can arewacin jihar. Bukin kamun kifin da ya samo asali a 1934, da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, wanda UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016, yana tara jama'ar da ta fi ƙarfin garin. A can ɗakin kwana ne abin kamawa tun da wuri, har wasu sai dai su kwana Birnin Kebbi. Abinci kam 'yan kasuwa na biyo taron da tukwanensu, sai dai layi da tsada.

Abu ɗaya da ke ɓata mini rai da mu matasa: a sa mace ta ajiye abinci, sannan a ci a wani wuri, ko a kashe waya. Kwanon nan daga jarinta ya fita, ta hana wani mai kuɗi a hannu saboda ke. In kin fasa, ki kira tun da rana. In kin manta, ki biya ta ko ba ki ci ba. Kuma ki riƙe 'yan canji a jaka, don sabis na iya ɗaukewa daidai lokacin da kike cewa "bari in tura miki".

Idan ba ki san kowa a Ribah ba, waɗanda suka gayyato ki aikin su za ki tambaya. Ki ce su haɗa ki da wata mace a garin, ki karɓi lambarta tun kina Kaduna, ki faɗa mata ranar da za ki taso da abin da ba ki ci. Ki sake kiran ta in mota ta tashi daga Zuru.

Allah ya kai ki lafiya, sai mun ji labari.