Neman Tsamiya a Rumfar Masaƙa

Da rani ake zuwa wurin masaƙan ƙasar Minjibir. Da damina ba za ka tarar da kowa a rumfa ba sai yara da awaki, domin masaƙin ƙauye manomi ne tukuna, sai gero da dawa sun shiga rumbu sannan ya kakkaɓe kayan saƙarsa. Wanda ya taso daga Fadan Kagoma kuwa sai ya ba hanya yini guda: Kafanchan, Zonkwa, Kachiya, Kaduna, Zariya, Kano. Ya kwana a birni, da safe ya nemi motar da ke yin arewa maso gabas. A farkon tafiyar dajin doka ne dama da hagu, da buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran mai saye. Kafin a kai Kano doka ta ƙare, sai kuka da tsamiya da gawo tsaye ɗai-ɗai cikin gonaki.

Ƙauyen da na sauka ba shi da wata alama da za ta ce maka ana saƙa a nan. Kunne ne ke kai ka. Bayan masallaci, ƙarƙashin inuwar darbejiya, akwai rumfar kara, maza zaune a jere kafaɗa da kafaɗa, kowa da zarensa miƙe a gabansa har tsakiyar fili. Can ƙarshen zaren an ɗaure shi a jikin kunkuru, ɗan katakon nan da ake ɗora wa duwatsu don zare ya yi tsauri. Masaƙi na saƙa yana naɗewa, kunkuru na jan ciki yana matsowa, har ya bar sawunsa a ƙasa. Ƙafafu biyu na taka igiya, ɗaya ta sauka ɗaya ta hau, zare ya buɗe baki, ƙoshiya ta wuce daga hannun dama zuwa na hagu, a buga, ta dawo. Ba mai kallon hannunsa. Hira suke ta kuɗin taki, rediyo na rataye a jikin dirka, wani yaro a gefe yana naɗa zare a kwarkwaro da tsohon wilin keke da aka mayar injin naɗi.

Abin da ke fitowa ƙwarya ce mai faɗin tafin hannu ko fiye kaɗan, doguwa, wadda sai an yanka an harhaɗa kafin ta zama gwado ko zane ko riga. Zaren kuwa kusan duka na kamfani ne, daga kasuwar Kano ake sayo shi a dunƙule, wani na auduga, wani na roba mai walƙiya. Da na gaisa da dattijon da ke bakin rumfa na ce, "Baba, tsamiya nake nema," sai ya dakata da taka igiya ya dube ni.

"Malam, ta miya ko ta riga?"

Aka yi dariya. Ya ce in ta riga ce, na makara da shekaru, amma in zauna.

Tsamiyar riga ita ce silikin ƙasarmu, kuma daga daji take zuwa. Wata tsutsa ce mai gashi da ke cin ganyen itace, akwai ta jikin tsamiya, akwai ta jikin doka. Idan lokacinsu ya yi sai ɗaruruwansu su taru su saƙa gida ɗaya kamar jaka a jikin reshe, kowace ta yi ɗakinta a ciki. A da mafarauta da Fulanin daji ne ke tsinko waɗannan gidaje su kai kasuwa, fatake su kwaso su zuwa Kano da Zariya. Ba irin silikin Sin ba ne, wanda ake kiwon tsutsarsa a gida a kuma warware zarensa dogo guda. Wannan sai an dafa shi da ruwan toka har danƙon ya saki, a wanke, a shanya, a tsefe, sannan a kaɗa shi da mazari kamar auduga. Gashin tsutsar yana sa ƙaiƙayi, shi ya sa ba kowace mace ke son aikin ba. Launinsa ƙasa-ƙasa ne, wani ya yi haske ya kusa fari, ba ya ɗaukar ido, amma yana da ƙarko. Yarabawan Iseyin da Ilori suna kiransa sanyan, kuma a wurinsu ma tufar manya ce.

Kaɗin nan aikin cikin gida ne, baƙo namiji ba ya shiga. Sai aka yi mini alfarma, wata gyatuma ta fito zaure da ɗan kwandonta. Ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari a cikin ɗan kasko, hannun hagu na sama yana sakin auduga a hankali, zare na fita siriri ba gargada. Auduga take kaɗawa, ba tsamiya ba, ita ma don kada hannu ya manta. Na ce, "Inna, jikokinki sun iya?" Ta ce suna makaranta, in sun dawo kuma ɗinkin hula ya fi kawo musu kuɗin sabulu. Gaskiyarsu. Zaren riga guda yana cin makonni ana kaɗi, kuma ba a taɓa biyan mai kaɗi daidai wahalarta ba, ko a zamanin da sana'ar ke tashe.

Ta yi tashe kuwa. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa daga ƙasar Kano a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma Tambutu kaɗai tana karɓar kayan raƙumi 300. Ba cikin ganuwa ake yin yawancin aikin ba, a ƙauyuka irin wannan ne. Garin Kura ya shahara da turkuɗi, siririyar ƙwarya da ake rinawa da baba a buge ta da shuni har ta yi sheƙi, Buzaye su yi rawani da amawali. A lokacin akwai siliki na biyu, alharini, mai launin ja garau. Ragowar silikin masaƙun Turai ne da ake rinawa, ya biyo raƙuma ta Tarabulus da Gadamas, masaƙanmu su sa shi a barage da shafin riga. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, hanyar hamada ta fara mutuwa, alharini ya bi ta.

In ka tambayi kowa abin da ya kashe saƙar hannu, zai ce maka masaƙun zamani ne da kayan Sin. Akwai gaskiya a ciki. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles a 1957, yadi ya yi araha. Ita ma ta rufe a 2002, yanzu kasuwar Kantin Kwari cike take da kayan waje. Amma ni abin da na gani a rumfar nan daban ne. Masaƙi yana nan da ransa, ya karɓi zaren kamfani ya ci gaba, yana sayar da gwado da luru da zanen aure. Waɗanda suka ɓace su ne na bayansa, waɗanda ba a ganinsu ko a da: mai shiga daji ya tsinko gidan tsutsa, da matar da za ta dafa ta kaɗa. Dajin ma ana ta mayar da shi gawayi. Mutumin Kagoma ko Kwoi da ke sare doka don ya faɗaɗa gonar citta ba ya tunanin rigar wani hakimi a hawan sallah, kuma ba laifinsa ba ne, citta ce ke biya masa kuɗin makarantar yara.

Ɗan abin da ya rage na tsamiya ya fi tafiya wurin maɗinka, musamman na cikin birnin Zariya, masu zama a zaure suna yi wa babbar riga aska biyu ko aska takwas da allura. A can ma sai ka yi hattara, don akwai zaren auduga da ake rinawa ya yi kalar tsamiya, akwai kuma na roba. Dattijon ya nuna mini yadda ake ganewa. Ya zaro ɗan zare daga wata tsohuwar ƙwarya da ya ajiye a jakar fata, ya ƙyasta ashana. Ya ƙone yana warin gashi, ya bar toka mai murtsukewa. Ya zaro na roba, ya narke ya dunƙule ya yi tauri.

Na tambaye shi ko zai saƙa mini irin ta cikin jakar. Ya ce saƙar ba komai ba ce, kwana kaɗan ne. Sai dai in bar kafin alƙalami, shi kuma ya aika kasuwar Kurmi a tambayi 'yan koli ko an kawo gidan tsutsa bana, in an samu ya nemi mai kaɗi a ƙauyen gaba, inda ya ji akwai sauran tsofaffi biyu. Bai yanka mini kuɗi ba, ya ce sai ya ga zare. Yaron kwarkwaro ya karɓi lambar wayata ya rubuta da gawayi a jikin bango, aka ce in an yi girbi mai zuwa a neme ni.