Kafin a sa maka ƙarfe a jiki

Idan likita ya ce "sai an sa ƙarfe", dangi kan tambayi kuɗi, sai kuma ko zai yi tsatsa. Da wuya ka ji mai tambayar yadda aka sarrafa bayan ƙarfen, alhali nan kaɗai ƙashi yake taɓawa.

A 1952 wani likita ɗan Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, ya sa ƙarfen taitaniyam a ƙashin zomo, da ya zo cirewa ya tarar ƙashin ya kama shi gam. A 1965 ya dasa wa mutum na farko haƙora da shi. Yau taitaniyam ɗin da aka fi yin ƙugu na dashe da shi ana gauraya masa alminiyam kashi 6 da banadiyam kashi 4 cikin ɗari. Da iska ta taɓa taitaniyam sai ya yi wata siririyar fata mai hana tsatsa, don haka wannan fargabar a ajiye ta.

Amma ƙashi ba ya son santsi. Shi ya sa masana'anta ke fesa wa ƙarfen tsakuwa mai laushi da ƙarfin iska, sannan a tsoma shi a asid, ya yi ramukan da ido ba ya gani, kamar yadda magini ke sassara bango kafin ya yi filasta. Wani kuma a lulluɓe shi da irin ma'adinin da ke cikin ƙashi. Farantin ɗaurin karaya ne ake bari da santsi, don wata rana ana iya cire shi.

To, kaushin nan da ƙashi ke so, ƙwayoyin cuta ma suna son sa. In suka shige ramukan sai su yi wa kansu yauƙin da magani ke wahalar ratsawa, wani lokaci sai an cire ƙarfen dungurungum. Saboda haka ƙarfen da aka ciro daga jikin wani, ko an wanke an dafa, bai zama sabo ba, komai arharsa. Na haƙori da na gaɓa a rufe suke zuwa daga masana'anta. Ka nemi sunan kamfani da lambar da ke jikin kwalin, a rubuta a katinka.

Mai shan sigari da mai ciwon sukarin da bai daidaita ba, ƙashinsu kan yi nawar kama ƙarfe, sai su faɗa wa likita tun kafin aiki. Kumburi, zazzaɓi ko ruwa daga wurin tiyata, ko bayan shekaru ne, asibiti za a koma, ba kemis ba.