Abin da ya kamata ku sani game da koren gansakuka

Duk wanda ya saba zuwa bakin dam ɗin Mairuwa, ko kududdufan Faskari da Sabuwa bayan damina, ya san gansakuka. Da yawa daga cikin abin da ke sa ruwan ya yi kore shar ƙananan halittu ne masu ƙwayar halitta ɗaya tak, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita.

A cikin kowacensu akwai wani ɗan buhu kore da masana ke kira filastid. Shi ke kama hasken rana, ya sarrafa ruwa da iskar kabon su zama sukari, sannan ya saki iskar oksijin da muke shaƙa. Irinsa ne ke cikin ganyen masara da dawa da auduga.

Daga ina ya fito? A 1905 masanin Rasha Konstantin Mereshkovsky ya ce filastid asalinsa bakteriya ce mai zaman kanta, amma ba a saurare shi ba sai da Ba'amurkiya Lynn Margulis ta farfaɗo da maganar a 1967. Bincike ya nuna cewa fiye da shekara biliyan 1 da suka wuce wata ƙwayar halitta ta haɗiye wannan bakteriya, ba ta narkar da ita ba, sai baƙuwa ta zama 'yar gida. Shaida ita ce har yau filastid yana da nasa DNA, kuma rabuwa biyu yake yi kamar bakteriya. Bakteriyar ce ta zo da sinadarin rubisko, mai kamo kabon daga iska. Yawancin bayanan gadonta kuwa sun koma cibiyar ƙwayar da ta haɗiye ta, shi ya sa ba za su iya rabuwa ba.

Maganar ta shafi lafiyarmu kai tsaye. A 1996 aka tabbatar cewa ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro tana ɗauke da ragowar filastid da ta gada daga wata jar gansakuka. Ba ya kama haske yanzu, amma in babu shi ƙwayar mutuwa take yi. Jikin ɗan Adam ba shi da filastid, don haka magani irin su dokisaikilin ke iya kai masa hari ba tare da ya taɓa ƙwayoyin jininmu ba.

Malaman kimiyya na makarantunmu, ku ɗebo ruwan kududdufi a kwalba ku nuna wa ɗalibai waɗannan ƙananan halittu ta madubin likita.