Kunun Zaƙi: Abin Da Ke Raba Mai Ciniki Da Mai Kwantai

Duk mai sana'ar kunun zaƙi a Sarkin Yamma, cikin gundumar Madarumfa ta jihar Maraɗi, ta san wannan damuwa. Gero ɗaya aka auno, ruwa ɗaya aka ɗebo, amma kunun wance ya ƙare kafin azahar, na wance kuwa ya yi tsami, gorunan roba sun kumbura, uwar kuɗi ta tafi. Wasu kan ce sa'a ce, wasu su ce hannu ne. Mu dai abin da muka fahimta shi ne, ɗanɗanon kunu yana fitowa ne daga abubuwa uku: irin hatsin, zafin da aka haɗa shi, da tsawon lokacin da ya zauna.

Mu fara da hatsi. Gero da dawa cike suke da sitaci, shi kuwa sitaci ba shi da zaƙi. Idan aka jiƙa hatsi aka rufe shi ya yi tsiro na kwana uku zuwa huɗu, sai ya fitar da wani sinadari mai narkar da sitaci ya mayar da shi sukari. Ɗanyen dankali ma yana da irinsa, shi ya sa iyayenmu ke niƙa shi cikin gasara. Jar dawa takan ba kunu launi da ɗan bauri, farar dawa da gero kuwa sun fi laushi a baki. Sai dai a kula, saiwa da ganyen tsiron dawa suna ɗauke da guba, don haka a shanya tsiron ya bushe sarai, a murje, a sheƙe kafin a kai niƙa.

Na biyu shi ne zafi, kuma nan ne da yawa ke tafka asara. Sinadarin nan ya fi aiki a zafin digiri 60 zuwa 70, tafasasshen ruwa kuwa kashe shi yake yi. Wadda ta zuba tsiro cikin kunu yana tururi, za ta tarar da shi da kauri, ba zaƙi, sai ta koma sayen sukari. Wadda ta bari ya ɗan huce sannan ta haɗa, za ta ga ya tsinke da kansa, ya yi zaƙi ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Na uku shi ne lokaci. Da zarar sukari ya samu, ƙananan ƙwayoyin halitta iri biyu kan far masa. Na farko su ke kawo ɗan tsamin nan mai daɗi, irin na nono. Na biyu, wato yisti, suna mayar da sukari iska da barasa. Wannan iska ce ke kumbura gora. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Maraɗi, aikin nasu sauri yake yi, kunu ba ya wuce yini idan babu ƙanƙara.

Idan ba a manta ba, wannan hanya ce masu burkutu ke bi, sai dai su da gangan suke barin yisti ya yi kwanaki yana aiki. Haka ake dolo a Burkina Faso da fito a Gana. A Turai ma bambancin giyarsu daga nan yake: ta garin Filsen, wadda aka fara a 1842, fara ce saboda ba a gasa tsiron sha'ir sosai ba, baƙar Guinness kuwa daga gasasshen sha'ir ta samo launi da ɗaci. Ga Musulmi, iyakar a fili take: abin da ya kai ga sa maye ya haramta. Kunun da ya kwana biyu yana kumfa da warin tsami ba na sayarwa ba ne.

Shi kansa tsiron dawa haja ce. A 1988 Najeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir, abin da ya tilasta wa kamfanonin lemon malt da na giya komawa ga dawar gida, dawa ta samu sabbin masu saye a manyan kasuwanni irin su Dawanau ta Kano.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwanmu mata masu wannan sana'a da su dama daidai abin da za su iya sayarwa a yini. A wanke tukunya da matata da goruna da ruwan zafi, domin ragowar kunun jiya ita ke tsamar da na yau. Kada a haɗa sabo da kwantai don gudun asarar gora biyar, a rasa cinikin gobe gaba ɗaya. Allah Ya ba da kasuwa.