Ciwon wuya bayan hatsarin mota: wa ke warkewa, wa ke daɗewa?

Idan mota ta daki wata ta baya, kan fasinja yakan fizgu baya, ya dawo gaba. Ba jini, ba karaya, sau da yawa hoton likita ma ba ya nuna komi. Sai washegari wuya ya sanƙare. Direbobi da 'yan kabu-kabu kan tambaye mu a gidan rediyo: yaushe ake warkewa?

Wani kwamitin ƙwararru na duniya ya bayyana a 2008 cewa kusan rabin masu irin wannan rauni suna kukan wuya har bayan shekara guda. Yawancin sauƙin cikin watanni 3 na farko yake samuwa. Daga nan sai a hankali.

Mu nan mun saba duba mota: in ta lotse ƙwarai mu ce mutum ya ji jiki, in ƙwarzane ne mu ce raki yake. Likitoci ba haka suke aunawa ba. Abin da ya fi nuna ciwon zai daɗe shi ne tsananinsa a kwanakin farko, da kasa yin ayyukan yau da kullum. Sai firgici, da fidda rai ga warkewa. Wanda ke mafarkin hatsarin, yana tsoron shiga mota, shi ma magani yake buƙata, ba gori ba.

Ɗaure wuya makonni da kwanciya ba sa gaggauta sauƙi. Motsa shi sannu-sannu ya fi. Amma in hannu ya mutu ko ƙarfinsa ya ragu, a wuce maɗori, a nufi likita ranar.