Ty Cobb: Gwanin da marubucinsa ya ɓata wa suna bayan ransa

A watan Mayun 2024 hukumar babbar gasar besbol ta Amurka ta haɗe alƙaluman tsofaffin gasannin baƙaƙen fata da nata, sai sunan da ya shafe kusan ƙarni guda a saman jerin gwanayen bugu ya sauko mataki na biyu. Josh Gibson, baƙin ɗan wasan da wariya ta hana shi shiga babbar gasa har ya mutu, shi ya hau gaba. Wanda aka sauke kuwa Ty Cobb ne, mutumin da Amurkawa suka daɗe suna ambata duk lokacin da ake neman misalin gwani mai mugun hali.

An haifi Cobb ranar 18 ga Disambar 1886 a jihar Jojiya. Mahaifinsa malamin makaranta ne kuma ɗan majalisar jiha, bai so ɗansa ya ɓata rayuwa a fagen wasa ba. A watan Agustan 1905 mahaifiyarsa ta harbe mahaifin da dare, ta ce ta zaci ɓarawo ne, daga baya kotu ta wanke ta. Mako uku da wannan masifa yaron ya buga wasansa na farko wa ƙungiyar Detroit Tigers yana ɗan shekara 18, manyan 'yan wasan ƙungiyar kuma suka tarbe shi da tsangwama.

Kan gwanintarsa babu jayayya. Besbol wasa ne na jifa da dukan ƙwallo da gora, kuma wanda ya dace sau uku cikin goma ana kiransa gwani. Cobb ya yi kaka 24 yana dacewa kusan sau 366 cikin kowane 1,000. Da aka yi zaɓen farko na shiga zauren karrama gwanayen wasan a 1936, ya samu ƙuri'a 222 cikin 226, fiye da Babe Ruth.

Zafin zuciyarsa ma ba ƙage ba ne. Ranar 15 ga Mayun 1912 a birnin New York ya haura cikin 'yan kallo ya lakaɗa wa wani mai zaginsa duka, alhali mutumin ya rasa yawancin yatsunsa a hatsarin injin ɗab'i. Aka dakatar da shi, abokan wasansa suka yi yajin aiki, ƙungiyar ta tattaro 'yan ba-ni-na-iya suka sha kashi 24 da 2 a Filadelfiya. Kafin nan ya gurfana gaban kotu kan dukan wani lebura baƙar fata a Detroit, da kuma faɗa da mai gadin otal a Cleveland. A 1926 aka zarge shi da cinikin sakamakon wani wasa na 1919, shugaban gasar ya wanke shi a farkon 1927.

Sai dai mafi munin abin da ake faɗa a kansa daga alƙalami guda ya fito. Da tsufa da ciwon daji suka ci ƙarfinsa, aka haɗa shi da ɗan jarida Al Stump domin ya rubuta masa tarihin rayuwarsa. Cobb ya rasu ranar 17 ga Yulin 1961. Ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba Stump ya sayar wa mujallar True wani labari da ya zana shi a matsayin mashayi mai yawo da bindiga, wanda kowa ya guje shi. A 1994 ya faɗaɗa labarin ya zama littafi, aka yi fim da Tommy Lee Jones a matsayin Cobb. Duk mai rubuta jawabin maigidansa a ma'aikata ya san ƙarfin wannan kujera: wanda ya zauna kusa da babba a kwanakinsa na ƙarshe, ba a cika tambayarsa hujja ba.

Hujjar ta zo a makare. A 2010 wani mai bincike, William R. Cobb, wanda ba danginsa ba ne, ya nuna cewa Stump ya riƙa ƙirƙirar wasiƙu da kayan tarihi yana sayarwa da sunan marigayin, har da wata doguwar bindiga da ya ce da ita aka kashe mahaifin, alhali bayanan shari'ar ƙaramar bindiga suka ambata. A 2015 Charles Leerhsen ya bi jaridun zamanin ɗaya bayan ɗaya, ya tarar da cewa wasu da aka ce Cobb ya doka saboda launin fatarsu, babu shaidar cewa baƙaƙe ne. Ya kuma tuna wa masu karatu cewa a 1952 Cobb ya fito fili ya goyi bayan shigar baƙaƙe babbar gasa.

Mutanen Keffi ba baƙi ba ne ga irin wannan. Magaji Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloney a 1902, mai kisan kai ne a rahotannin Turawan mulkin mallaka, kuma da mafakar da Kano ta ba shi suka kafa hujjar auka mata a 1903. A bakin jama'ar garin kuwa jarumi ne. Rahoton da aka rubuta shi ya fi yin nisa.

Wasu masoya Cobb yanzu suna neman wuce gona da iri, su mai da shi waliyyi. Mutumin da ya doki nakasasshe a gaban dubban jama'a ba ya bukatar Stump kafin a ga aibinsa. Amma shi ɗin ne kuma ya zuba kuɗinsa tun da wuri a hannun jarin Coca-Cola da General Motors, ya ba da dala 100,000 aka gina asibiti a garinsu Royston, sannan a 1953 ya kafa asusun tallafin karatu ga ɗaliban Jojiya marasa galihu, wanda har yau yake biyan kuɗin makaranta.